Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Editocin Mujallun Nazarin Ci Gaban Al'umma a Jami'o'in Bauchi da Gombe

Assalamu alaikum.

Malamaina kuma iyayen gidana, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe ku da haƙuri, domin na san da yawa daga cikinku ba a ba ku ko kwabo a kan ɗawainiyar fitar da mujalla. Ni ɗalibinku ne. Wasunku sun koyar da ni a aji, wasu kuma sun zauna a kwamitin da na kare kundina a gabansa. Yau ina koyarwa a nan Gombe, kuma abin da ya faru a ofishina makonni kaɗan da suka wuce shi ne ya hana ni yin shiru.

Wata ƙaramar malama a sashenmu ta shigo da wayarta a hannu, ta miƙo mini ba tare da ta ce uffan ba. Imel ne daga wata mujallar ƙasar waje, layi huɗu kacal. Edita ya yi mata godiya, ya ce maƙalarta ba za ta kai gaban masu bita ba. Kwana biyar ke nan da turawa. Wannan baiwar Allah ta yi kusan shekara tana zirga-zirga tsakanin Gombe da ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwa ta Daɗin Kowa, tana zama da matan da ke gumin shinkafa, tana tambayar su inda suke samo jari, wa ke ba su bashi, da abin da ke saura a hannunsu bayan an fitar da kuɗin itace da na inji da na mota. Da albashinta ta yi duk wannan. Na karanta bayanan da ta tattaro, kuma wallahi akwai alheri a ciki.

Amma da na buɗe abin da ta tura, sai na ga dalilin da editan bai wahalar da kansa ba. Babi biyu ne na kundin digirinta na biyu ta haɗe wuri ɗaya ta sa musu sabon take. Tsawonta ya kusa ninka abin da mujallar ta ƙayyade. Sunanta da na jami'arta suna nan ɓaro-ɓaro a shafin farko, alhali mujallar tana ɓoye sunan marubuci ga masu bita. Tsakuren, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, ya faɗi abin da za a bincika, bai faɗi abin da aka gano ba. A cikin manazarta akwai littattafan da ba a ambace su a jikin rubutu ba, a jikin rubutu kuma akwai sunayen da babu su a manazarta. Na tambaye ta ko ta karanta ƙa'idojin mujallar kafin ta tura. Ta ce ba ta san ana karantawa ba. Sai ta ƙara da maganar da ta fi komai taɓa ni: ta riga ta buga maƙala uku a mujallun gida, kuma babu ko ɗaya da aka dawo mata da ita da gyaran ko kalma guda.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Editan waje ya ƙi aikinta cikin kwana biyar, amma mu ne muka shirya mata wannan ƙin tun shekaru uku da suka wuce, lokacin da muka karɓi maƙalarta ta farko muka buga yadda ta zo. A wurinmu ya kamata ta koyi yadda ake shirya rubutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan a gidanmu take.

Ku dubi inda muka kai. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana nan tun 1980. Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004, ta Tarayya da ke Kashere da ta Gadau suka biyo a 2011, ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha a jihohin biyu. Kowace shekara ana yaye masu digiri na biyu da na uku, ana ɗaukar sababbin malamai, kuma kowannensu ya san ba zai motsa daga matakinsa ba sai da maƙala. Ana koya musu ra'o'i da ƙididdiga da dabarun bincike. Yadda ake mai da bincike ya zama maƙala kuwa, da yadda ake zaɓen mujalla, da yadda ake amsa wa mai bita, an bar kowa ya tsinta a hanya. Ni kaina a hanya na tsince shi, bayan an dawo mini da rubutu sau biyu, kuma har yau ina tuna nauyin da na ji a ƙirjina.

Don haka roƙona na farko mai sauƙi ne. Kowace mujalla ta rubuta ƙa'idojinta dalla-dalla, ta ajiye inda kowa zai gani a kowane lokaci, ba sai a jikin takardar neman maƙalu da ke yawo a WhatsApp ba, wadda rabinta lambar asusun banki ce. A faɗi irin batutuwan da mujallar ke karɓa da waɗanda ba ta karɓa. A faɗi iyakar yawan kalmomi, da tsawon tsakure, da adadin fitilun kalmomi. A faɗi salon manazarta. Idan APA ne, a ce bugu na bakwai da ya fito a 2019, a kawo misali na littafi da na maƙala da na rahoton hukuma da na hira, domin a fanninmu rahotannin hukumomi da hirarraki su ne rabin madogararmu. A gaya wa marubuci ya raba shafin suna da jikin maƙala, ya cire godiya da duk abin da zai tona ko wane ne, har da sunan da kwamfuta ke maƙalawa a bayanan fayil. A kuma gaya masa dalili: ana yin haka ne domin ɗan koyo da farfesa su tsaya a ma'auni ɗaya. Akwai manhajar Zotero, kyauta ce, tana tsara manazarta da kanta. Layi ɗaya a shafin ƙa'idoji ya isa ya sanar da ɗaruruwan mutane wannan.

Amma waɗannan duk tufafi ne. Abin da ya fi damuna shi ne jikin da ake sa wa tufafin.

Na yi bitar maƙalu da dama, kuma akwai wani ƙira da nake ta cin karo da shi. Take ya fara da "tasirin kaza a kan kaza". Gabatarwa ta faro daga ma'anar talauci a duniya, ta gangaro Afirka, ta sauko Nijeriya, ba ta iso ƙaramar hukumar da aka yi binciken ba sai shafi na huɗu. Bitar ayyukan magabata jerin "wane ya ce, wane ma ya ce" ne, babu inda marubuci ya nuna wa ya saɓa wa wa, ko wane giɓi aka bari. An raba takardun tambayoyi ɗari ko ɗari biyu, ba a faɗi yadda aka zaɓi mutanen ba, ba a faɗi da wane harshe aka yi musu magana ba. Sai jadawalai na kashi cikin ɗari, sai kammalawa, sai shawarwari, kuma shawarwarin kullum iri ɗaya ne: gwamnati ta samar da kaza, a wayar da kan jama'a. Za a iya cire sunan Akko a sa Alƙaleri, babu abin da zai sauya. Mai irin wannan rubutu sau da yawa ba malalaci ba ne. Abin da ya ga ana bugawa ne, shi ya sa ya ɗauka haka ake yi.

Alhali tambayoyi na gaske sun kewaye mu. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamba na 2022, mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma Gombe na cikin jihohin da ke sahun gaba. A wannan watan ne dai Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, a kan iyakar jihohinmu biyu. Me ya faru da farashin gona a garuruwan da ke kusa tun daga lokacin? Wa ya sayar, wa ya saya? A Kaltungo akwai cibiyar jinyar saran maciji da mutane ke zuwa daga jihohi maƙwabta. Idan kububuwa ta sari magidanci a tsakiyar damina, me iyalinsa ke sayarwa don su biya magani, kuma shekara nawa suke yi kafin su farfaɗo? Zaizayar ƙasa tana cin gidaje a cikin garin Gombe. Waɗanda suka tashi, ina suka koma, kuma 'ya'yansu sun ci gaba da makaranta? A Tudun Hatsi, wa ke yanke farashin masara, kuma nawa ke isa hannun manomi? Dubban mutanen da rikici ya koro daga Borno da Yobe sun zauna a cikinmu shekara da shekaru. Yaya suka sami filin noma, a kan wane sharaɗi? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce da mai karatu a Dakar ko a Ingila zai so jin amsarta, domin tana taɓa muhawarar da ake yi a duniya kan mallakar ƙasa da bashi da ƙaura. Kuma babu wanda ya fi mu damar amsa ta, tunda muna jin Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera da Jarawa, kuma mutanen nan danginmu ne.

Mai bita nagari shi ne zai mai da marubuci kan wannan hanya. Zai ce masa: mene ne tambayarka guda ɗaya? Me ka gano wanda ba a sani ba kafin kai? Me ya sa ka zaɓi waɗannan ƙauyuka uku? Wannan adadin da ke jadawali na biyu bai yi daidai da abin da ka faɗa a shafi na tara ba. Shafi biyu na irin wannan magana sun fi zangon karatu guda amfani. Ina roƙon ku, kowace maƙala ta je hannun mutum biyu da suka san fannin, aƙalla ɗaya daga wajen jami'ar marubucin, kuma a tura wa marubuci rahoton nasu cikakke. Idan mai bita ya dawo da "ta yi, a buga" kawai, edita ya mayar masa. Idan ya yi zagi ko wulaƙanci, edita ya tace kafin ya tura. Marubuci kuma a nemi ya dawo da takarda ta daban, ya bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda ya gyara da shafin da gyaran yake, inda bai yarda ba kuma ya kawo hujjarsa cikin ladabi. Haka ake yi a Journal of Development Studies da ke fitowa tun 1964, da World Development tun 1973, da Africa Development ta CODESRIA, majalisar binciken kimiyyar zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, tun 1976. Yaranmu su fara saba wa da wannan a gida. Su gane tun da wuri cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai maganar amana, kuma dole in faɗe ta duk da nauyinta. Dukkanmu mun san "sa ni a ciki". Mutum huɗu sun haɗa kuɗin bugu, ɗaya ne ya rubuta, sunaye huɗu suka fito. Zagaye na gaba wani ya rubuta, a sake jera sunayen. Mun san ɗalibin da ba ya iya tura maƙala sai sunan wani babba ya hau gaba, ko da bai karanta ta ba. Mun san mai tura maƙala ɗaya wuri uku a lokaci guda, wadda ta riga amsawa ita ce tasa. Mun san mai yanka bincike ɗaya gida biyar. Kwamitin COPE, da aka kafa a 1997 don kula da ɗa'ar wallafa, yana da jagorori kyauta a kan duk waɗannan. Ku nemi kowane marubuci ya rubuta abin da ya yi a cikin aikin, ya sa hannu cewa maƙalar ba ta gaban wata mujalla, ya faɗi wanda ya ɗauki nauyin binciken. Idan ya yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen gyaran Turanci ko wani abu, ya bayyana, kuma ya duba kowace madogara da idonsa, domin waɗannan manhajoji suna ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Binciken satar fasaha da na'ura yana da kyau, sai dai adadin da na'ura ta nuna ba shi ne hukunci ba. Edita ya buɗe rahoton ya gani da kansa.

Wani ɓangare na amanar nan ya shafi mutanen da muke bincike a kansu. Na taɓa ganin maƙala da hoton wata bazawara 'yar gudun hijira, da cikakken sunanta da unguwarta, da bayanin bashin da ke kanta. Ban ga alamar an nemi izininta ba. Talaka ba ya karanta mujallarmu, shi ya sa nauyin kare mutuncinsa ya rataya a wuyan edita. A tambayi marubuci yadda ya nemi yardar mutane, da harshen da ya yi musu bayani, da yadda ya ɓoye sunayensu.

Sai kuɗi da lokaci. Na san takarda ta yi tsada, madaba'a ba ta bashi, kuma yajin aikin wata takwas da malaman jami'a suka yi a 2022 ya bar mujallu da yawa da bashin fitowa. Ba na cewa kada a karɓi kuɗi. Abin da nake roƙo shi ne a raba kuɗi da hukunci. Wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke yanke hukunci daban, kuma kada a nemi kuɗin bugu sai bayan masu bita sun gama. A sanar da marubuci cikin mako guda cewa saƙonsa ya iso. A gaya masa tsawon lokacin da zai jira, wata biyu ne ko uku, a kuma cika alkawari. Ni kaina na taɓa jiran wata mujalla fiye da shekara, na rubuta sau huɗu ba amsa, ba ni da ikon kai aikin wani wuri tunda ban janye shi ba. Irin wannan shirun ne ke kora matasa zuwa ga mujallun bogi na intanet, masu aiko da imel suna kiran kowa "babban farfesa", su karɓi dala, su buga cikin kwana uku. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗannan kafin a sauke jerin a watan Janairu na 2017, kuma har yau suna ƙaruwa. Idan lokacin ƙarin girma ya matso, yaro yana ganin sa'o'insa za su wuce shi, sai ya faɗa hannunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma mu ma mu daina riƙe masa gorar har ranar. Da yawanku kuna zaune a kwamitocin ƙarin girma. Muddin ana ƙirga maƙalu ba a karanta su, duk abin da na faɗa a sama zai yi wuyar tabbata. Ku kai wannan magana can, ku ne ake saurare.

Batun fitowa fili ba zan tsawaita ba. Mujallar da aka buga kwafi ɗari biyu aka raba wa marubutanta, sauran suka kwanta a kabad ɗin shugaban tsangaya, ba ta isa ko'ina ba. Lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla a duniya, ana samunta ta Laburaren Ƙasa. Manhajar OJS ta tafiyar da mujalla kyauta ce, tana karɓar maƙala, ta aika wa masu bita, ta ajiye tarihin komai. Dandalin AJOL yana ɗauke da mujallun Afirka tun 1998, DOAJ kuma yana jera mujallun duniya da ake karantawa kyauta tun 2003, kuma sharuɗɗan shigarsu su kansu darasi ne. Lambar ORCID, wadda ke bambance marubuci da masu irin sunansa, kyauta ce ga kowane mai bincike, kuma mu da muke da Muhammad Abubakar goma a tsangaya ɗaya mun fi kowa buƙatarta. Asusun TETFund na Gwamnatin Tarayya yana da kason tallafa wa mujallun manyan makarantu. Idan kason ya zo, ina ganin gara a kashe wani abu daga ciki wajen horar da masu bita da tsayar da shafin intanet da ba ya mutuwa, maimakon ya ƙare duka a bango mai sheƙi.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da zuciyata. Ku nemi kowane marubuci ya haɗo tsakure na biyu da Hausa, ko da harshen mutanen da ya yi bincike a cikinsu. Kalmomi ɗari biyu sun isa. Mai gabatar da shirin noma a rediyo zai iya karantawa, kansila da mai unguwa da shugabar ƙungiyar mata za su iya ji. Na kuma lura da wani abu a aji: duk ɗalibin da na ce ya faɗa mini sakamakon bincikensa da Hausa a jimla uku, idan ya kasa, to da Turancin ma bai san abin da ya gano ba. Manyan kalmomi ne suka rufa masa asiri. Matan Daɗin Kowa sun bar tukunyarsu a kan wuta sun ba malamar nan lokacinsu, suna da haƙƙin jin abin da ya fito.

Ba na kawo kuka in koma gefe. A shirye nake in yi bitar maƙala biyu a kowane zango ga duk mujallar da ta neme ni, in dawo da rahoto cikin mako huɗu, kuma na yi magana da wasu abokan aiki a Bauchi da Kashere da suka ce su ma za su yi. Idan kun amince a shirya zaman kwana biyu kafin fitowa ta gaba, inda ƙananan malamai za su zo da rubutunsu a zauna a kai layi-layi, zan zo da nawa ɗaliban.

Ita kuwa malamar, mun zauna sau uku. Ta zubar da fiye da rabin abin da ta rubuta, ta tsaya a kan tambaya ɗaya: me ya sa matan da ke karɓar shinkafa bashi daga dillali suke ci gaba da komawa gare shi, duk da sun san ribarsu ce ke tafiya. Ta sake tsakuren sau shida. Na ba ta shawarar ta turo wa ɗaya daga cikinku a wata mai kamawa. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma bai kamata masu bita su san shi ba. Idan maƙalar ta iso, don Allah a ba wa mutum biyu su karanta ta tun daga take har manazarta, a dawo mata da abin da suka ce.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani malamin jami'a a Gombe